Ɗora Linux a Laftof: Yadda Za Ka Sa Kowane Sashe Ya Yi Aiki Ba Tare da Injin Ya Riƙa Ba Ka Matsala Ba

Yawancin laftof ɗin da ke hannun malaman makaranta, ɗalibai da masu shagon buga takardu a garuruwa irin su Ringim, Gumel, Rano da Gwarzo na hannu ne, an sayo su daga Titin Beirut ko Farm Centre a Kano: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, ThinkPad T460 da danginsu. Lafiyarsu ƙalau, sai dai Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance ba ya karɓar furosesar Intel da ba ta kai zubi na takwas ba. Shi ya sa masu gyara da dama suka fara ɗora wa mutane Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows. Wannan bayani na mai gyara ne, da duk wanda aka bar wa kula da kwamfutocin makaranta ko na asibitin ƙauye.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, a Linux direbobi, wato manhajojin da ke tafiyar da kowane sashe na injin, ba daban ake sauko da su ba kamar a Windows. Galibinsu suna cikin kanel, wato ƙashin bayan tsarin, wanda shi ke magana da waifai, sikirin, lasifika da batir. Duk bayan mako tara ko goma ake fitar da sabon kanel. Sabo yana zuwa da direbobin kayan da suka fito kwanan nan, amma yana zuwa da kurakuran da ba a gama ganowa ba. Tsoho an daɗe ana duba shi ana toshe ramukansa, amma bai san kayan da aka ƙera bayansa ba. Kanel 5.15 ya fito a ƙarshen 2021, don haka ba abin mamaki ba ne ya kasa tafiyar da laftof mai Intel zubi na 12 da ta shigo kasuwa a 2022 yadda ya kamata.

Ƙa'idarmu guda ce: ɗauki kanel mafi tsufa da har yanzu ake kula da shi wanda ya san dukkan kayan wannan laftof, ka tsaya a nan. Da tsohuwar zuma ake magani. Mutumin cikin birni in waifai ya ɗauke bayan sabuntawa, acaɓa ɗaya zai hau ya kai wa mai gyara. Malamin da ke ƙauyen bayan Maigatari ko Gagarawa sai ya jira ranar kasuwa, ya biya mota zuwa da komowa, aikinsa na mako ya tsaya. Sabon abin da bai amfane shi ba bai kai wannan wahalar ba.

Kafin ka goge komai, gwada daga filashi

Nemi filashi mai gig 16 ko 32 ka sa masa Ventoy. Amfaninsa shi ne kana iya zuba tsare-tsare da yawa a filashi ɗaya ka zaɓa lokacin tashi. Zuba aƙalla uku: Linux Mint 22, Debian 13 wanda ake iya gwadawa ba tare da an ɗora ba, da Fedora na baya-bayan nan. Fedora ba don ɗorawa ba ne, ma'auni ne: yana tafe da kanel sabo fil, in abu ya ƙi aiki a Mint ya yi a Fedora, ka san tsufan kanel ne matsalar, ba lalacewar kaya ba.

Don zaɓar filashi lokacin kunnawa, F9 ne a HP, F12 a Dell da ThinkPad. Shiga BIOS kuma, wato saitin injin na kafin tsari ya tashi, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Da tsarin ya tashi, buɗe Terminal ka buga:

`lspci -nnk`

Zai jero kayan ciki. Ƙarƙashin kowanne duba layin da aka rubuta "Kernel driver in use". Duk kayan da ba shi da wannan layi, musamman katin waifai ko na hoto, kanel bai kama shi ba. Lambobin da ke cikin baka mai kusurwa, irin 10ec:c821, su ne ainihin sunan kayan. 10ec na Realtek ne, 8086 na Intel, 14e4 na Broadcom. Rubuta su a takarda. Kada ka dogara da sunan da ke jikin murfi, HP 15 guda biyu masu kama ɗaya na iya zuwa da katin waifai daban-daban. `lsusb` zai nuna kamara da bulutut, `uname -r` kuma lambar kanel da kake kai.

Sai gwaji da hannu, gani ya kori ji. Haɗa waifai da hotsifot ɗin wayarka, ka matsa nesa kamar taku goma ka ga ko yana riƙewa. Kunna sauti a lasifika, sannan ka sa iyafis ka cire. Yi magana a makirfo ka saurara, buɗe kamara, rage hasken sikirin ka ƙara, soka HDMI in mai ita yana amfani da majigi. Wanda aka fi mantawa shi ne barci: rufe murfi, jira minti biyu, buɗe. Yi sau uku da caja a jiki, sau uku babu caja. Akwai injinan da sai a karo na biyu ko na uku suke farkawa da baƙin sikirin ko waifai a mace. Gwajin duka bai wuce rabin awa ba, kuma shi ke raba ka da dawowar kaya.

Wanne za ka ɗora

In laftof ɗin ta 2021 ce zuwa baya, kusan duk kayan hannu da ke kasuwarmu ke nan, Mint 22 ko Debian 13 sun isa. Mint 22 an gina shi a kan Ubuntu 24.04, ya fito da kanel 6.8, ana kula da shi har 2029. Debian 13 ya fito a Agusta 2025 da kanel 6.12, kuma ɗabi'ar Debian ita ce ba ya sauya layin kanel har ƙarshen rayuwar fitowar, gyaran tsaro da na kurakurai kawai yake shigarwa. Tun daga Debian 12 a 2023 suka fara haɗa famwayar waifai da ta sauti, wato ƙananan fayilolin da kayan ke buƙata kafin su yi aiki, a cikin abin ɗorawa, don haka tsohon kukan nan na cewa Debian ba ya ganin waifai ya ragu ƙwarai. Mai RAM gig 4 a ba shi tsari mai fuskar Xfce, ya fi sauƙin nauyi.

Ubuntu na da wani hali da ya kamata mai gyara ya sani. Fitowarsa mai dogon zango duk shekara biyu ce, a watan Afrilu, da kulawar shekara biyar. Amma a kan kwamfutar tebur da laftof yana bin layin da suke kira HWE, wanda ke tsallakawa zuwa sabon kanel kusan duk wata shida. Wanda ya ɗora 24.04 a kan 6.8 ya wayi gari yana kan 6.11, daga baya 6.14, bai nema ba. Ga sabuwar laftof wannan alheri ne. Ga EliteBook ta 2016 ba abin da zai ƙara mata, sai dai haɗarin wani direba ya karye. In kana so ka tsayar da ita a layin asali:

`sudo apt install linux-generic`

Sake kunnawa, zaɓi 6.8 daga GRUB, wato allon zaɓin da ke fitowa kafin tsarin ya tashi (yadda ake fito da shi fili na nan a ƙasa), ka maimaita gwajin nan duka. In komai ya yi, cire linux-generic-hwe-24.04 tare da linux-image-generic-hwe-24.04 da linux-headers-generic-hwe-24.04, sannan ka cire kanel masu lambar da ta fi 6.8. In ba ka cire su ba GRUB zai ci gaba da tashi da mafi girman lamba. A Mint aikin ya fi sauƙi: Update Manager, View, Linux Kernels, ka ga kowane layi da ranar da kulawarsa za ta ƙare.

In kuwa laftof ɗin sabuwa ce kuma gwaji ya nuna tsohon kanel bai san ta ba, taka mataki ɗaya kawai, ba tsalle ba. A Ubuntu da Mint koma HWE. A Debian buɗe ma'ajiyar trixie-backports, inda ake ajiye sababbin kunshi don Debian 13, ka ɗauko linux-image-amd64 da famwayar da ta dace daga can, sauran tsarin ya zauna yadda yake. Ka sani kanel na backports ba ya samun kulawar tsaro da sauri irin na asali, don haka wanda bai buƙace shi ba kada a sa masa. Fedora kuwa, sabuwar fitowa duk wata shida, kulawa wata 13 kacal, ga sabuntawa mai cin data kusan kowane mako. Tsari ne mai kyau ga wanda zai iya gyara wa kansa, amma ba mu ba da shawarar a miƙa shi ga wanda ke nesa da mai gyara ba. Haka nan duk sabuwar fitowar Ubuntu mai dogon zango, ka jira gyaranta na farko, mai ɗigo ɗaya a ƙarshe, wanda kan zo bayan 'yan watanni.

Waifai, inda rabin matsalar take

Katin Intel ba ya ba da wahala, direbansa iwlwifi yana cikin kanel. Shi ya sa EliteBook, Latitude da ThinkPad na ofis suka fi sauƙi a kan ƙananan HP da Lenovo na gida, waɗanda aka fi sa wa Realtek ko Broadcom.

Realtek RTL8821CE, mai lamba c821, ya samu direba a cikin kanel tun 5.9. Har yanzu intanet cike yake da tsofaffin bayanai da ke cewa a sauko da direbansa daga waje a haɗa da hannu. Kada ka bi, sai in na ciki ya gaza a gwaji. RTL8723BE kuma matsalarsa daban ce: yana ganin waifai amma sigina ba ƙarfi, sai ka manna waya a jikin laftof. Dalili shi ne yawancin ƙananan HP wayar eriya ɗaya aka sa musu alhali katin rami biyu gare shi, direba kuma yana sauraron ramin da ba kowa. Maganinsa:

`echo "options rtl8723be ant_sel=2" | sudo tee /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf`

Sake kunnawa. In bai canza ba mai da 2 ɗin 1.

Broadcom irin BCM43142 shi ne mai taurin kai. Direbansa ba ya cikin kanel, sai an ɗora broadcom-sta-dkms. Kafin nan kana buƙatar intanet, sai ka soka wayar Android da kebul ka kunna raba data ta USB, Linux na kamawa nan take. Ma'anar DKMS ita ce duk lokacin da aka sa sabon kanel sai an sake gina direban a kan injin. Ranar da kanel ya yi gaba direba bai bi ba, ginin zai faɗi, laftof ta tashi babu waifai, mai ita kuma ba shi da hanyar sauko gyara. Ga kuma Secure Boot, wata kariya da ke cikin BIOS: in yana kunne, direban waje ba zai hau ba sai an yi masa rajista. A Ubuntu da Mint, lokacin ɗorawa za a nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri, a kunnawa ta gaba shuɗin allo ya fito, ka zaɓi Enroll MOK ka shigar da ita. Wanda ya bar allon ya wuce, direba na nan amma ba zai yi aiki ba. `mokutil --sb-state` zai faɗa maka ko yana kunne.

A ganinmu, duk laftof mai Broadcom da za ta tafi ƙauye a canza mata kati. Sukurori ne kaɗan da wayar eriya ɗaya ko biyu. Intel 8265, 9260 ko AX200 masu girman M.2 2230 suna shiga yawancin injinan da ke da wannan rami, kuma ana samunsu a jikin matattun laftof da ke jibge a shagon kowane mai gyara. Kula da abu uku. AX201 da 9560 kamanninsu ɗaya da waɗancan amma rabin aikinsu yana cikin furosesa, ba sa tashi sai a kan wasu Intel na musamman. Injinan da suka girmi 2014 galibi ramin mini PCIe gare su, ba M.2 ba. Sannan wasu tsofaffin HP da ThinkPad BIOS ɗinsu na ƙin duk katin da ba ya cikin jerinsa, su tsaya da saƙon kuskure tun kafin tashi, don haka gwada kafin ka mayar da murfi. Cire batir kafin ka taɓa kati, ka ɗaga kan eriya a miƙe sama, yana saurin karyewa.

Kafin duk wannan ma, buga `rfkill list`. In ya ce "Hard blocked: yes", maɓallin waifai ne a kashe a jikin injin ko a BIOS, ba direba ba.

Sauran wuraren da ake tuntuɓe

In abin ɗorawa bai ga diski ba, shiga BIOS ka mai da yanayin diski daga RAID ko RST zuwa AHCI. An fi ganin haka a Dell. In akwai Windows da ake son a bari, kada ka canza kai tsaye, zai ƙi tashi, sai an fara sa shi ya tashi a Safe Mode sau ɗaya.

Sauti ya ɓace a Intel zubi na 10 zuwa sama, wurin zaɓar lasifika an rubuta "Dummy Output": yawanci firmware-sof-signed ne babu. Ɗora shi ka sake kunnawa.

Don barci, buga `cat /sys/power/mem_sleep`. In akwai deep, shi ne barci mai nauyi da ba ya shan batir. Sababbin injina da yawa s2idle kaɗai gare su, kuma in direba ɗaya ya ƙi kwanciya sai laftof ta yi ta zafi a cikin jaka har batir ya ƙare. Wasu ThinkPad na da zaɓin Sleep State a BIOS, mai da shi Linux. In barcin ya ƙi gyaruwa kada ka bi sabon kanel saboda shi kaɗai. Saita rufe murfi ya zama kashewa gaba ɗaya, injin mai SSD ba ya daɗewa wurin tashi.

Mai katin Nvidia a ɗora masa direban da Driver Manager na Mint ya ba da shawara kawai, ba wanda aka sauko daga shafin kamfani ba. Shi ma DKMS ne, ga shi tsofaffin katuna sun maƙale a layin 390 ko 470 da ba sa jituwa da sababbin kanel. Wanda aikinsa rubutu ne da intanet, bar shi a kan hoton Intel, batir ma ya fi daɗewa.

Mai shagon buga takardu, firintarsa za ka fara gwadawa kafin komai. HP LaserJet 1020 da P1102 na buƙatar hplip da ƙarin abin da `hp-plugin` ke saukowa. Epson masu tankin tawada da dama na aiki da printer-driver-escpr. Canon LBP2900 na da wahala ƙwarai, in ita ce abincin shagon gara a bar kwamfuta ɗaya a kan Windows dominta.

Ba kowane laifi ne na kanel ba

A watan Afrilu zafin Haɗeja da kewaye na wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka tun Janairu. Injin da ke mutuwa da kansa ko yake daskarewa da rana, ɗora lm-sensors ka buga `sensors`. In furosesa na haura 90 ba a aikin komai, buɗe ka share fanka da raga, ka goge tsohon man furosesa ka sa sabo kamar ƙwayar gero biyu. Caja ma na ruɗa mutane: Dell da HP na tantance cajarsu ta siririyar allurar da ke tsakiyar baki, in jabu ce ko allurar ta karye sai injin ya rage gudun furosesa, Dell har ya ƙi cajin batir. Mutum ya yi ta canza kanel alhali caja ce. In daskarewar ba ta da lokaci, bar memtest86+ ya zagaya RAM aƙalla sau ɗaya, ka duba lafiyar diski da `smartctl -a`. In kuma apt, mai ɗora manhajoji, ya ce fayil "is not valid yet", agogon injin ne ya koma baya saboda ƙaramin batirin BIOS ya mutu, galibi CR2032 ne.

Bayan komai ya zauna

Kunna Timeshift, manhajar mayar da tsari baya in ya lalace, ka ɗauki hoton tsarin a ranar da komai ke aiki. Saita shi ya riƙe na mako biyu ko uku, kada ya cinye diski mai gig 128. Ka gaya wa mai ita tsarin kawai yake adanawa, takardunsa sai ya kwafa a filashi.

Sannan ka fito da GRUB fili. A /etc/default/grub sa GRUB_TIMEOUT_STYLE=menu da GRUB_TIMEOUT=5, ka mai da GRUB_DEFAULT ya zama saved, ka ƙara GRUB_SAVEDEFAULT=true, sannan `sudo update-grub`. A kan diski mai ext4 injin zai riƙa tuna kanel ɗin da aka zaɓa na ƙarshe. Kullum a bar kanel biyu, na yanzu da wanda ya gabace shi. `sudo apt autoremove --purge` na share tsofaffin ya bar waɗannan.

Tsayawa a tsohon layi ba ya nufin daina sabuntawa. Burauza da gyaran tsaro dole ne, musamman ga mai shiga banki ko cike fom ɗin mutane. Abin da muke gudu shi ne tsallaka layi, ba gyaran cikin layi ba. In wani gyara ya karya abu, `sudo apt-mark hold` da sunan kunshin zai tsayar da shi, amma na 'yan makonni ne, ka rubuta ranar don kada a manta shi a daskare.

Lokacin sabuntawa ma a zaɓe shi. Batir ya haura rabi, caja a jiki, in sola ce da hantsi zuwa azahar. Laftof da batirinta ya mutu kada a sabunta ta a kan wutar NEPA ko janareta mai shaƙewa. In wuta ta yanke ana tsakiya, tashi da tsohon kanel ka buga `sudo dpkg --configure -a` sannan `sudo apt -f install`. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: makon rajistar JAMB ko na haɗa sakamakon jarrabawa ba a taɓa kanel.

Mai kula da injina da yawa masu tsari iri ɗaya zai iya rage data. Sabunta guda da `apt-get` maimakon `apt`, domin shi ne ke barin kunshin da ya sauko a /var/cache/apt/archives. Kwafe su a filashi, zuba a wuri ɗaya a sauran injinan, yi `sudo apt-get update` sannan upgrade, abin da ya tarar ba zai sake saukowa ba. A saitin waifai kuma yi wa hotsifot ɗin waya alamar layi mai awo, tsarin zai rage sauke-sauken da yake yi a ɓoye.

Kafin ka miƙa laftof, manna 'yar takarda a ƙarƙashinta: sunan tsari, lambar kanel da aka gwada, lambar katin waifai, da kwanan wata. Sannan ka zaunar da mai ita ya yi da hannunsa sau biyu: ya kunna, ya sauka zuwa Advanced options, ya zaɓi kanel na baya, ba layin da aka rubuta recovery mode ba. Ranar da ya kira ka daga ƙauye ya ce, "Malam, waifai ya ɗauke tun jiya da na yi sabuntawa," wannan za ka sa shi ya yi ta waya, sannan ya karanto maka abin da `uname -r` ya nuna ka kwatanta da na takardar.